Irin Swiss chard a buhun shinkafa: abin da na gani a Aboabo

A ɗaya daga cikin shagunan sayar da iri da maganin feshi da ke wajen kasuwar Kejetia a nan Kumasi na sayi fakiti biyu na irin ganyen nan da ake kira Swiss chard. Ɗaya an rubuta masa Fordhook Giant, mai farin kara da faffaɗan ganye. Ɗayan kuma Bright Lights, wanda karansa ke fitowa ja da rawaya da ruwan hoda. Tsakar gidanmu a unguwar Aboabo siminti ce daga zaure har ƙurya, don haka tsofaffin buhunan shinkafa na samo, na huda musu gindi, na cika su da baƙar ƙasa gauraye da kashin kajin da ya riga ya huce.

Abin da fakitin bai yi bayaninsa ba shi ne ƙwayar kanta. Wannan gurguzun abin da za ki gani a tafin hannunki ba iri ɗaya ba ne, dunƙule ne mai 'ya'ya biyu ko uku a ciki, wani lokaci ma fiye. Ramin da kika sa ƙwaya ɗaya sai ki ga tsiro uku sun fito suna kokawa. Dole a rage, a bar mai ƙarfin, kuma da almakashi ya fi, don idan kika tuge sai saiwar na kusa ta biyo. A jiƙa irin a ruwa ya kwana, a binne shi zurfin santimita 1 zuwa 2, cikin kwana 7 zuwa 14 ya leƙo. Tsakanin tushe da tushe yana son santimita 25 zuwa 30, wato buhu ɗaya ba ya ɗaukar fiye da biyu, komai kwaɗayin mutum.

Mai farin karan ya tsiro kusan duka. Mai launukan kuwa rabi ya ƙi, kuma ina zargin zaman da fakitin ya yi a gaban shago yana shan rana. Wanda zai saya ya duba kwanan watan da ke bayan fakiti, ya ce a ɗauko masa daga ciki.

Asalin ganyen nan daga ƙasashen bakin tekun Bahar Rum ne, jinsinsa ɗaya da bitrut da gwozar da Turawa ke yin sukari da ita, kuma a lissafin masana tsirrai danginsu ɗaya da alefu, wato alayyafo. Zafin Kumasi bai kashe shi ba. Da tsakar rana yakan yi laushi, ganye ya kwanta, la'asar na yi ya miƙe. Inda rana ke bugawa da safe, inuwa ta sauko da azahar, nan ya fi so. Damuwarsa ita ce laima. A ruwan Yuni da Yuli ganyen ya cika da ƙananan ɗigo-ɗigo masu toka a tsakiya da ja a gefe, cutar naman gwari da ke bin ruwan da ke fallatsa daga ƙasa. Cire ganyen da ya kamu da ja da buhunan ƙarƙashin rumfa ya rage ta, bai kawar da ita ba. Shukar da na yi a ƙarshen Oktoba, wadda ta shiga hunturu, ita ce ta yi kyan gaske, muddin ba a yi mata rowar ruwa ba. Tsutsa da fara sun taɓa shi, ruwan ganyen darbejiya ya ishe su.

Inda ya ci kuɗinsa shi ne yanka. Bayan kwana 50 zuwa 60 sai a fara ɓalle ganyen waje, a bar zuciyar. Alefu kina yankansa sau kaɗan ya yi fure ya tsufa, wannan kuwa wata da watanni yana ba da sabo, a daidai lokacin da kontomire, wato ganyen makani, ke tsada a kasuwa saboda rani.

Uwar gidan da muke haya ta tsaya ta dubi buhunan ta ce, "'Yata, wannan kontomiren Turawa ne?" Na ce, "Mma, sai kin ɗanɗana." Na yi shi da manja da agushi da busasshen kifi, muka ci da dafaffiyar doya. Ba ya ƙaiƙayin maƙogwaro, kuma nan da nan yake nuna. Karan ne ke son a fara soya shi da albasa kafin a zuba ganyen. Akwai ɗan ƙamshin ƙasa a bakinsa wanda yaranmu ba su so ba da farko, jan karan kuma yakan rina miya. A kan tuwon zafi kuwa kada ma a fara, ba shi da yauƙi, ayoyo na nan a kujerarsa. Mai fama da tsakuwar ƙoda ya yi hankali da yawan cinsa, haka mai shan maganin tsinka jini irin warfarin ya tambayi likita, don ganyen cike yake da bitamin K.

Babban aibinsa a wurina shi ne iri. Sai ya ga sanyi mai tsanani sannan yake fure, a shekararsa ta biyu, irin sanyin da Kumasi ba ta da shi. Nawa ko alamar fure bai yi ba. Alefu da kansa yake zubar da iri ya tsiro a bakin kwata, wannan kuwa duk zagaye sai an koma shago an biya. Fordhook Giant zan sake saya idan ruwan Oktoba ya fara ja da baya, buhu huɗu ya ishi gida. Bright Lights kuwa na bar wa masu son ado.