Rabat ko Ankara ga ɗalibin da zai yi zango ɗaya

Ƙanena, ka ce an ba ka zaɓi biyu na musayar ɗalibai, zangon karatu ɗaya a Rabat ta Maroko ko ɗaya a Ankara ta Turkiyya, kuma kana son sanin inda zama zai fi maka sauƙi, da inda za ka fi samun fita ran Asabar da Lahadi ka ga garuruwan kusa. A Rabat na yi karatu, Ankara kuwa na zauna a wurin ɗalibanmu na can har na ɗanɗani sanyinta. In zango ɗaya ne, ni Rabat zan ce maka, kuma harshe ne babban dalilina.

Kai da ka yi lakwal ɗinka duka da Faransanci, daga firamare har jami'ar André Salifou ta Zinder, ranar da ka sauka Rabat za ka iya karanta allon tashar jirgin ƙasa, ka yi ciniki da mai taksi, ka tambayi hanya. A jami'ar Muhammad na Biyar, fannonin kimiyya da likitanci da injiniyanci da Faransanci ake koyar da su. Larabcin titi nasu, wato Darija, zai ba ka wuya da farko ko da ka yi makarantar allo, don suna haɗiye wasula, amma Faransanci zai riƙe ka kafin kunnenka ya saba. A Ankara Faransancinka ba zai saya maka ko burodi ba. Akwai jami'o'in da ke koyarwa da Ingilishi, kamar jami'ar fasaha ta ODTÜ, sai dai da ka fita ƙofar jami'a Turkanci ne kawai. Shi ya sa masu bursun gwamnatin Turkiyya suke fara yin shekara guda cur suna koyon harshen kafin su shiga aji. Kai ba ka da wannan shekarar. Lokacin da za ka fara iya tambayar direba inda mota ta nufa, lokacin ɗaure kaya ya yi.

Ta fuskar jiragen ƙasa kuwa, duka biyun sun yi nisa. Daga Rabat zuwa Kasablanka kusan kilomita 90 ne, kamar daga Zinder zuwa Magarya, kuma awa ɗaya ce a jirgi. Suna tashi a kai a kai, ba sai ka tanadi tikiti tun jiya ba. Ka karya kumallo a ɗakinka, ka yi azahar a masallacin Hasan na Biyu da aka buɗe a 1993 a bakin teku, ka bi ta kasuwar ƴan Senegal da ke tsohon gari ka sayi busasshen kifi da barkono, ka dawo kafin isha. Salé ma tana tsallaken kogin Abu Raƙraƙ, taragon cikin gari ke kai ka. Arewa kuma akwai Al Boraq, jirgi mai gudun kilomita 320 a awa da aka ƙaddamar a Nuwamban 2018, wanda ke kai ka Tanja cikin awa ɗaya da ƴan mintoci. A Tanja aka haifi Ibn Battuta a 1304, mutumin da ya tako har Takadda ta ƙasar Abzin. In gari ya yi garau kana hango gaɓar Sifen daga can. Hange kaɗai, don tsallakawa sai da bizar Turai, kuma kada wani ya ruɗe ka da wata hanya.

Amma tafiyar da ta fi duka, wadda nake jin don ita ma ya kamata ɗan Damagaram ya zaɓi Maroko, ita ce ta Fas. Kusan awa uku ce a jirgi. A nan zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani take, inda aka rufe shi a 1815, kuma in ka isa ran Juma'a da la'asar za ka tarar da zikiri, ga mutanen Senegal da Mali da Najeriya da namu, har ka ji ana Hausa a lungun. Dattawan unguwarku da suka tara kuɗi shekara da shekaru don wannan ziyara, kai kuɗin tikitin jirgi kawai za ta ci maka. Ko ba ka cikin ɗariƙa, sai ka je, domin ranar da ka dawo Birni abin da za a fara tambayar ka ke nan. Taku kaɗan daga nan ga masallacin Ƙarawiyyin da Fatima al-Fihri ta kafa a 859. Sannan majemar Shuwara, wadda ake kallo daga saman benayen masu shaguna, ana miƙa maka ganyen na'ana'a ka toshe hanci. Wanda ya taɓa wucewa ta majemar Zinder ba ya buƙatar ganyen. Ka tsaya ka dubi aikin da kyau, ka tuna fatun jan akuya na ƙasar Hausa da ayari ke haurawa da su arewa su ne Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko. Lungunan tsohon garin ba mota ke shiga ba, jakai da alfadarai ke dako, kuma ɓata hanya dole ne. Samari za su taso su ce za su raka ka. Ku yanke kuɗi tun kafin ku ɗaga ƙafa, ko ka ce a'a ka wuce. Kwana ɗaya a Fas, washegari ka tsaya Miknas da ke kan hanyar komawa, in da sauran ƙarfi ka shiga babbar taksi mai ɗaukar mutum shida zuwa kangon Rumawa na Walili. Marakish ta fi nisa, kusan awa huɗu, ka bar ta sai an sami hutun kwana uku.

Ankara ita ma tsakiyar layukan jirgi mai sauri take, wanda suke kira YHT. Layin Eskishehir an buɗe shi a 2009, awa ɗaya da rabi. Gari ne na ɗalibai, ga kogin Porsuk ya ratsa shi, ga tsofaffin gidajen Odunpazarı masu launi, kuma yini ɗaya ya isa. Layin Konya na 2011 bai kai awa biyu ba, can ne kabarin Maulana Jalaluddin Rumi wanda ya rasu a 1273, kuma kowane Disamba ana taron tunawa da shi har zuwa ran 17. Waɗannan biyun tafiya ce mai daɗi, ba zan rage musu komai ba. Matsalar ita ce wuraren da kowa ke mafarkin gani sun fi haka nisa. Istanbul kusan kilomita 450 ce, sama da awa huɗu a jirgi, kuma ba garin da ake gani a yini biyu ba ne. Tikitin Juma'a da na Lahadi suna ƙarewa da wuri, sai ka saya ta waya tun kwanaki kafin tafiya. Kapadokiya, yankin duwatsu da kogunan dutse, ba jirgin ƙasa, sai kar daga babbar tashar AŞTİ, awa huɗu zuwa biyar ta gefen tafkin gishiri. Motocinsu na da kyau, har shayi ake rabawa a ciki. Balan-balan masu ɗaukar mutane sama da kake gani a hotuna kuɗinsu na masu yawon buɗe ido ne, ɗalibi dai ya hau tudu da asuba ya kalla kyauta. Ƙari a kan haka, gidajen kwanan ɗalibai na gwamnati suna da lokacin rufe ƙofa, kuma kwana a waje sai da izini.

Batun kuɗi ba zan ba ka farashi ba, zan gaya maka halin kuɗin ne. Dirhami a ɗaure yake da yuro da dalar Amurka, sefa tamu kuma a ɗaure da yuro, don haka dirhami 100 yana nan wajen jika shida, ba ya yin nisa da haka. Abin da Baba ya aiko a watan farko, kusan abin da zai saya ke nan a watan ƙarshe. Lira ba ta da wannan natsuwa, a Oktoban 2022 hauhawar farashi a Turkiyya ta haura kashi 85 cikin ɗari. Mai riƙe da sefa yakan ji daɗin canji, amma farashin haya da na mota na biye da shi a guje. Inda Ankara ta yi zarra shi ne kantin cin abinci na jami'a: miyar adas, shinkafa, burodi, da araha ƙwarai. A Rabat yawancinmu girki muke yi da kanmu. Ka tafi da kuka da busasshiyar kuɓewa da yajinka.

Sanyi kuwa, kada lissafin ma'auni ya yaudare ka. Ankara na kan tudu, ana ƙanƙara, ma'auni na sauka ƙasa da sifiri, amma ɗakuna da azuzuwa a ɗumame suke. Rabat ba ta ƙanƙara, sai dai gidajen haya ba abin ɗumama ɗaki, ga raɓar teku, tufafi su yi kwana biyu a igiya ba su bushe ba. Na fi jin sanyi a cikin ɗaki a Rabat. Bargo mai kauri shi ne sayayyarka ta farko.

A masallaci za ka fi jin kana gida a Maroko. Malikawa ne, da Warshu suke karatu, bayan magariba da asuba a zauna a karanta hizibi baki ɗaya, rubutun Alƙur'aninsu ma ɗan uwan na allonmu ne. Turkawa Hanafawa ne masu karatun Hafsu, ba a ɗaga murya da amin, wutiri raka'a uku a haɗe. Ka bi liman, cikin sati biyu ka saba. Kallo da maganar banza saboda launin fata akwai su a duka biyun. A Ankara yawanci son sani ne, har a nemi hoto da kai. A Maroko wani lokaci akan ɗauke ka cikin masu neman tsallakawa Turai, musamman a hanyoyin arewa, shi ya sa ba a fita gari ba tare da fasfo da katin ɗalibi da takardar shaidar neman izinin zama ba.

Da a ce digiri cikakke za ka yi, shekara huɗu ko biyar, da na yi maka wani lissafin, don wanda ya iya Turkanci ƙasar a buɗe take gare shi, kuma ƴan kasuwarmu masu sayo kaya a Istanbul kullum suna neman tafinta. A zango ɗaya dai, kafin ka hau motar Yamai ka sa shugaban sashenku ya sa hannu a kan jerin darussan da za ka ɗauka a can, da alkawarin za a lissafa maka makinsu in ka dawo. In kuma an bar ka ka tsara jadawalinka, ka guji darasin ranar Juma'a, don ka kama jirgin Fas tun da hantsi.