Rumfar Littattafan Tauhidi a Kasuwar Wudil

Tambayar da ɗan yayana ya dawo da ita daga jami'a a Dutse ce ta kai ni wannan rumfa. Muna zaune a zaure bayan sallar isha'i ya ce, "Baffa, idan kowane abu sai da mai yinsa, me zai hana a tambayi wanda ya yi mai yin?" Mahaifinsa ya so ya rufe shi da faɗa, ni kuwa na ga tambayar amsa take nema, saboda haka ranar Juma'a na shiga kasuwar Wudil, na nemi wani dattijo da ke baza littattafai a kan tabarma tsakanin mai turare da mai carbi.

Mutumin ya san hajarsa, kuma wannan ne babban abin yabonsa. Ban gama bayani ba ya zura hannu ƙarƙashin tarin littattafan fiƙihu ya zaro Ummul Barahin na Shehu Sanusi, malamin Tilimsan a Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a 1490, ya ce, "Malam, ai tambayar yaron nan ta girmi kakansa." Ya buɗe mini shafin farko, inda aka kasa hukuncin hankali gida uku, wajibi da korarre (abin da ba zai yiwu ba) da mai halatta, sannan ya bi hujjar da yatsa. Duniya fararriya ce, wato tana da farko, domin ba ta rabuwa da motsi da tsayuwa, su kuwa ido yana ganin sauyawarsu. Samuwarta da rashinta sun yi kunnen doki a hankalce, kuma ɗaya ba zai rinjayi ɗaya ba sai da mai rinjayarwa. Da shi ma Mahalicci fararre ne, da ya bukaci wani mai farar da shi, wancan ma ya bukaci wani, a yi ta tafiya babu iyaka ko a kewayo inda aka taso, kuma duka biyun korarru ne a wurin Sanusi. Duk wannan karatu a tsugune aka ba ni shi, bai ƙara ko sisi a kan kuɗin littafin ba.

Sai dai bugun bai yi kyau ba. Hoto ne aka ɗauka daga wani hoton, wasula sun dusashe, kuma da na isa gida na tarar a kwafin da na saya shafin hujjar daɗewar Mahalicci, wato cewa ba shi da farko, wanda shi ne ainihin abin da na je nema, fari fat ya fito. Da na koma wata Juma'ar ya musanya mini ba tare da gardama ba, amma duk mai saye ya duba shafi-shafi kafin ya biya.

Aibi na biyu ya fi damuna. Rumfar ba ta ajiye komai na ɗaya ɓangaren muhawarar ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi wa masana falsafa raddi a kan cewarsu duniya ba ta da farko, Ibn Rushdi na Kurɗuba, wanda ya rasu a 1198, ya mayar masa da martani, kuma mai son ya auna ƙarfin hujja yana bukatar ya ji bakin duka biyun. Dattijon ya ce irin waɗannan sai Kasuwar Kurmi a birni. Ya kuma tuna mini, kuma ya yi daidai, cewa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki ɗaliban da ke kafirta talakawa don ba su iya jero irin waɗannan hujjoji ba.

Ɗan yayana ya karanta, ya yarda tambayarsa ta farko ta sami amsa, amma ya tsaya a kan dalilin da ya sa jerin da ba shi da farko zai zama korarre. Na bar wa dattijon kafin alƙalami domin ya taho mana da na Gazali idan ya shiga Kano sari.