Farantin nama da cuku da na yi oda: kilishinmu bai ji kunya ba, amma akwai gyara

Tun kafin azumi nake ganin hoton farantin nan a status ɗin ƙawayena, wani katako mai faɗi an jera masa nama yanka siriri kamar takarda, ga cuku ga dabino ga inabi ga zuma a ɗan mitsitsin kwano, kowa sai dai ta saka hoto ta rubuta masha Allah amma babu wadda ta tsaya ta ce ga yadda ɗanɗanon yake. To satin da ya wuce Yaya ya dawo daga Turkiyya ya gama karatunsa, Hajiya ta ce a yi ɗan zama a gida bayan la'asar, ba wata walima ba mu ya mu ne kawai, da Kawu da iyalinsa da Anti matar babban yayanmu, sai na ce bari wannan karon in gwada abin nan maimakon sambusa da cincin ɗin da muka saba. Kuɗina na biya ba kyauta aka ba ni ba, don haka tsakani da Allah zan faɗi abin da na gani.

Mai haɗawar wata baiwar Allah ce a wajen unguwar Nasarawa a nan Kano, a gida take yi, ta WhatsApp ake magana da ita. Ba zan faɗi sunanta ba saboda akwai ƙorafi a cikin maganata kuma na riga na faɗa mata kai tsaye, ba tozarta sana'ar mutum na zo yi ba.

Abu na farko da na tambaye ta shi ne naman mene ne, kuma dan Allah duk wanda zai sayi irin wannan ya fara da wannan tambayar kafin maganar farashi. Asalin abin na Faransawa ne, sharkutiri suke ce masa, kalmar daga dafaffen nama ta samo asali, kuma a can yawancinsa da naman alade ake yi, irin su salami da sauransu. Mu nan kam ba wasa a wannan. Gaskiya a nan ta burge ni, ba ta ji haushin tambayar ba, nan take ta turo min hoton ledar kowane nama da ta sayo daga waje da tambarin halal a jiki, ta ce duk na sa ne sai guda ɗaya na talo-talo, kilishi da dambun nama kuma a nan cikin gari take karɓowa. Hankalina ya kwanta na tura kuɗi.

Mun yi da ita ƙarfe 4, sai wajen 5 da rabi mai adaidaita sahu ya iso mana Kabuga wai gosulo ya riƙe shi. Na san halin hanya ba zan ɗora mata duka ba, amma abin da ya dame ni shi ne ba a cikin kula aka sako ba, leda kawai aka naɗe katakon da ita, ga zafin garin nan, kafin ya iso cukun nan mai ruwan ɗorawa duk ya yi gumi maiƙo ya fito masa, inabin ma ya yi ɗumi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, nama da cuku ba sa son zama a zafi, kuma kula da ƙanƙara biyu ba za su ci mata wani kuɗi ba. Sai da na saka shi a firji na kamar minti 20 kafin na fito da shi.

Amma fa da na ajiye shi a tsakiyar tabarma kowa sai da ya yi shiru yana kallo, ta iya jeri wlh. Akwai kilishi kala biyu ja da fari, dambun nama a ɗan kwano, wani nama mai duhu da jan gefe, wani kuma ja wur siriri an nannaɗe shi kamar fure, yankan talo-talo mai ƙamshin hayaƙi, cuku kala biyu, labna irin ta Larabawa, wato kindirmo mai kauri da aka tace, da man zaitun a kai, sai dabino, yazawa, soyayyar gyaɗa, zaitun, kokwamba mai tsami, zuma da biskit.

Yaya yana ganin mai jan gefen nan ya ce kai, basturma! Ya ce a Turkiyya garin Kayseri ne ya yi suna a kanta, naman sa ne ake shafe shi da gishiri a danne shi da nauyi ruwan ya fita a shanya, sannan a lulluɓe shi da wani kwaɓi na hulba da tafarnuwa da jan barkono a sake shanyawa. Ni da ya ce hulba sai da na sake shinshinawa, ai kuwa ita ce, hulbar nan dai da muke saya a Kurmi muna dafawa da shayi, ban taɓa tunanin za ta shiga nama ta yi daɗi haka ba. Tana da ƙarfi fa, idan ka ci ita kaɗai gishirin zai cika maka baki, amma da Yaya ya ce in laƙato labna in haɗa sai komai ya daidaita, tsamin labnar ya kwantar da gishirin ya bar ƙamshin hulbar da tafarnuwa. A nan na fara gane ashe waɗannan ƙananan abubuwan da aka jera a gefe ba ado ba ne, kowanne da aikinsa. Ya ce su can da ƙwai ma suke soya ta da safe.

Kawu duk wannan bayanin yana ji bai ce komai ba, kilishin ya ɗauka ya ɗaga shi sama yana dubawa ta hasken taga. Shi a cikin gari ya tashi kusa da Agadasawa, kuma duk ɗan Kano ya san idan ana maganar kilishi sai an ambaci Agadasawa. Ya karya ya ji ƙarar sannan ya ce wannan na gaske ne, an feɗe shi da kyau babu jijiya babu kitse. Sai ya juya wajen Yaya ya ce to ai abin da ka faɗa yanzu shi ne aikin kilishi, a samu tsoka zalla a feɗe ta fale-fale a shanya a rana ta bushe, a tsoma a labu, wato tunkuzar gyaɗa da aka dama da citta da kanumfari da masoro da barkono da albasa da gishiri, a sake shanyawa, sannan a ɗan gasa a wuta. Su hulba mu gyaɗa, su danne da nauyi mu feɗe siriri rana ta yi mana aikin. Kuma gaskiyarsa ne, dabarar ɗaya ce, a raba nama da ruwan jikinsa don kar ya lalace, tun zamanin da babu firji babu lantarki, fatake su ɗaure shi a kaya su yi tafiyar kwana da kwanaki. Shi ya sa ma kilishin hunturu ya fi na damina, iska busasshiya ce nan da nan yake bushewa ba ya yin wari.

Abin da ya fi min daɗi a farantin gaba ɗaya, kuma ina so ku gwada ko ba ku yi odar komai ba, shi ne jan kilishi da dabino. Ka ɓare dabinon ka cire ƙwallon ka cusa ɗan guntun kilishi a ciki ka ci a tare. Yajin ya taso zai kama harshe sai zaƙin dabinon ya tare shi, ga gyaɗar labun tana narkewa a tsakani, ni dai sai da na ci guda biyar ban sani ba. Shekara nawa muna cin kilishi daga takarda muna cin dabino lokacin buɗa baki amma ban taɓa haɗa su ba. Farin kilishin kuma da ɗigon zuma ya fi tafiya tunda shi ba shi da zafi sosai. Dambun naman yana da kyau ba a cika masa mai ba, yara ne suka cinye shi da gyaɗa kafin mu ankara. Kokwambar mai tsami da farko Hajiya ta ƙi, daga baya da ta ɗanɗana bayan ta ci nama ta ce ashe wanke baki take yi, ka ci sai ka ji kamar yanzu za ka fara.

Wanda bai samu karɓuwa ba shi ne jan nan da aka naɗe kamar fure, biresawola sunansa, na arewacin Italiya ne wani yanki da ake kira Baltelina, naman sa ne da ake sa wa gishiri a rataye shi ya bushe a iska wata biyu zuwa uku. Yana da laushi kuma ba laifi, sai dai kusa da kilishi da basturma ɗanɗanonsa ɓacewa yake yi, ga shi ya sha zafin hanya gefensa ya fara bushewa. Hajiya ta ɗaga shi ta ce wannan an dafa shi kuwa? Kuma tambayar tana kan hanya, ba a dafa shi ba, haka basturma ma ba ta ga wuta ba, gishiri da iska ne kawai. Ga Anti da juna biyu a zaune, kuma likitoci suna hana mai ciki cin irin wannan naman da bai ga wuta ba saboda ƙwayoyin cutar da za su iya taɓa jariri. Allah ya taimaka Yaya ya sani ya ce Anti ki tsaya a kilishi da dambu su an gasa an soya. Wannan shi ne babban ƙorafina, ya fi na lattin ma. Mutanenmu ba su saba da naman da ba a dafa ba, idan suka ga nama a faranti ɗauka za su yi ya dahu, to haƙƙin mai sayarwa ne ta saka 'yar takarda ta rubuta wannan sunansa kaza ba a dafa shi ba, ko ta tambaya tun a waya akwai mai ciki a gidan. Ko sunayen ma ba ta rubuta ba, ba don Yaya ba da haka za mu ci ba mu san me muka ci ba.

Sai maganar biskit. Biskit ne na kanti marar gishiri marar komai, kuma ya sha danshin inabi ya yi laushi. A garin da ake gasa gurasa a tanderu kullum a Jakara a ce biskit za a haɗa da kilishi? Na tura Abba bakin titi ya sayo mana gurasa na yayyanka na ɗan ɗumama a kasko, wlh farantin sai ya zama wani abu daban, gurasa da labna da basturma a kai, gurasa da dambu, har Kawu ya ce a ƙaro. Haka cukun nan mai ruwan ɗorawa na waje, tsada kawai, a zafinmu narkewa yake ya yi yauƙi. Farin mai gishiri ya fi shi riƙe kansa kuma ya tafi da zaitun. Ni da so samu ne ta nemo cukun Buzaye na Nijar, busasshen nan mai faɗi da ake ci da shayi ko a daka a fura, shi ba ruwansa da zafi don an yi shi ne don sahara, kuma na tabbata zai zauna daram kusa da kilishi da zuma. Dabinon ma ba sai na waje ba, ga na Dutse nan kusa da mu.

Abin sha ba ta haɗa da shi ba. Mun gwada da zoɓo mai sanyi bai yi ba, tsami ya yi yawa ga zaitun ga kokwamba, kunun aya ya fi shi, amma wanda ya fi duka shayi ne mai citta da na'a-na'a ba madara, shi ne yake sauke gishirin. A tanadi ruwa da yawa kuma, don daren nan kowa sai da ya tashi shan ruwa, mai hawan jini kam ya ɗanɗana kawai ya bari.

Farashi ba sauƙi, kuɗin da na biya zai sayi gasassun kaji huɗu har da canji, kuma kar wanda ya ɗauka abinci ne da zai ƙosar, mu tara ne kuma sai da aka ci tuwo da daddare. Na san naman waje da dala ake sayo shi shi ne ya ɗaga kuɗin. Amma mun zauna a kansa har aka kira magariba, ana ɗauka kaɗan-kaɗan ana hira, wannan ya ce gwada wannan da wancan, yara ma sun ajiye waya, sambusa ba ta taɓa zaunar da mu haka ba.

Da daddare na rubuta mata duk abin nan, lattin da rashin kula da maganar mai ciki da biskit. Ta ba da haƙuri ba tare da musu ba, ta ce takardar sunaye za ta fara sakawa daga wannan satin, gurasa ma ta karɓi shawarar, cukun Buzaye ne ta ce ba ta san inda za ta samu mai tsafta ba. Na faɗa wa Kawu ya ce yana da wani aboki Buzu da yake kawo masa duk sanda ya je Agadas, zai yi masa magana. Na riga na ce mata bayan babbar sallah zan sake yin oda, kilishi kala biyu da dambu da basturma da labna, a cire biresawola da cukun waje a ƙara dabino, kuma ni da kaina zan je in ɗauko da kulata.