Man cedarwood: yana kwantar da hankali da gaske ko talla ce kawai?

Salam 'yan uwa. Wannan 'yar kwalbar man cedarwood, wato man ƙamshi da ake fitarwa daga itacen cedar, da masu sayar da kayan ƙamshi suke ta tallarta cewa tana sa natsuwa tana kore damuwa, na jima ina amfani da ita, kuma ra'ayina shi ne tana da amfani, amma ba kamar yadda ake zuzuta ta ba, sannan sai kin san wane iri kika saya.

Tawa mai mil 10 ce, kwalba mai duhu da ɗan bakin roba mai ɗigo. Man yana da kauri kaɗan, kalarsa ruwan ɗorawa mai haske, idan kika kifa kwalbar sai kin jira kafin ɗigon ya faɗo. Ƙamshinsa na busasshen itace ne, kamar lokacin da kika fiƙe sabon fensir kika shinshina ɓawon, ba shi da zaƙin nan na humra ko kaɗan. Wanda ya saba da turare mai ƙarfi zai iya cewa ai wannan ba komai, to amma rashin hayaniyar tasa ita ce ta sa nake son sa da dare, baya hawa kai, baya sa ni atishawa.

Abin da masu talla basa faɗa shi ne sunan ɗaya ne amma itatuwan daban daban ne. Akwai na Atlas, wanda ake samu daga duwatsun Atlas na Maroko da Aljeriya, a jikin kwalbar za ki ga Cedrus atlantica. Akwai na Himalaya, Cedrus deodara. Sai na Virginia da na Texas daga Amurka, waɗannan biyun ma wani dangin itace ne daban, za ki ga sunansu ya fara da Juniperus. Duk ta hanyar tururi ake fitar da man daga gutsattsarin itacen da garin katako. To sinadarin da aka fi danganta shi da kwantar da jiki sunansa cedrol, a 2003 wasu masu bincike a Japan sun sa mutane sun shaƙe shi suka ga bugun zuciyarsu da hawan jininsu sun ɗan sauka, kuma wannan cedrol ɗin a na Virginia da na Texas ya fi yawa, na Atlas ɗan kaɗan ne a cikinsa duk da shi aka fi yayatawa. Shi ya sa ni na Virginia nake nema. Ga kuma wani dalilin, itacen Atlas tun 2013 yana cikin jerin itatuwan da ke fuskantar barazanar ƙarewa, wallahi wannan ya tsaya min a rai, itacen da ke ɗaukar ɗaruruwan shekaru yana raye bai kamata mu yi ta rububinsa ba alhali akwai madadi.

Yadda nake yi, bayan isha'i idan yara sun kwanta na gama kaye kaye, sai in ɗiga uku ko huɗu a difuza, wato 'yar na'urar da ke watsa ƙamshi a ɗaki, in akwai wuta. In babu wuta, wanda shi ne ya fi yawa, sai in zuba ruwan zafi daga filas a ɗan kwano in ɗiga biyu in ajiye can gefe inda yaro ba zai kai ba, ko in ɗiga ɗaya a auduga in sa kusa da filo. In zauna in yi azkar ɗina, wayar kuma in kife ta. Abin da nake ji shi ne numfashina yana dawowa a hankali, kafaɗuna da suka wuni a ɗaure su saki, tunanin nan da ke ta zagaye a kai na kuɗin makaranta da cefanen gobe baya tafiya gaba ɗaya amma yana rage gudu har in samu barci ya ɗauke ni. Kuma gaskiya ina ganin zaman da kashe wayar suna da nasu kason a ciki, ƙamshin shi ne yake gaya wa jikina cewa aikin yau ya ƙare, yanzu da na ji shi jikina ya san lokacin hutu ne.

Inda ya fi burge ni shi ne babu hayaƙi. Ina son turaren wuta sosai, gidana baya rabuwa da shi, amma a ɗakin kwana da ƙofa a rufe musamman lokacin hunturu hayaƙin gawayi yana tsaya min a ƙirji. Wannan kuwa ba gawayi ba toka ba kasko.

Idan shafawa za ki yi dan Allah kar ki sa shi zallansa a fata, ɗigo biyu a ƙaramin cokalin shayi na man kwakwa ko man zaitun ya isa, ki fara gwadawa a cikin hannu ki ga ko zai yi miki ƙaiƙayi. Ba a shan sa, ba a sa shi a ido ko hanci. Mai ciki da mai asma da mai jariri a ɗaki su tambayi likita tukunna. Sannan akwai wani da ake rubuta cedar leaf, na ganye, wannan daban ne yana da guba, kar a ɗauka ɗaya ne da cedarwood.

Abin da ya ɓata min rai shi ne jabu ya yi yawa. Wata mai sayarwa ta taɓa turo min wata babbar kwalba fara mai arha, ba sunan itace ba ƙasar da ya fito, da na buɗe ƙamshin sabulu ne ya buge ni, na tambaye ta wane iri ne ta ce "Hajiya ai duk ɗaya ne". Ba ɗaya ba ne. In kika ga an rubuta fragrance oil to turaren haɗi ne kawai. Na gaskiyar ba shi da arha amma kwalbar mil 10 tana da ɗigo wajen 200, tana daɗewa sosai in kin rufe ta da kyau kin ɓoye ta daga rana.

Sai maganar da na fi damuwa da ita, masu cewa yana maganin ciwon damuwa ko hawan jini su ji tsoron Allah. 'Yar uwa idan makonni suna wucewa ba kya barci, kina kuka ba dalili, abinci ya fita a ranki, asibiti za ki je, kuma mai shan maganin hawan jini kar ya ajiye shi saboda wannan. Amma in gajiyar yau da gobe ce da kai da ya ƙi yin shiru da dare, ni dai zan sake saya, na Virginia, mai sunan itacen a jikin kwalba.