Fanka mai caji ko rumfar zana da jiƙaƙƙen buhu, wanne ya fi ga 'yan tsaki cikin zafin nan?

Salamu alaikum Hajiya, Allah shi sa albarka ga kiwo. Na ga tambayar da kinka yi, cewa kina da 'yan tsakin Noiler (irin kajin nan da ake kiwo don nama da ƙwai) guda 50 'yan sati uku cikin keji mai rufin kwano nan Birnin Kebbi, da rana ta take sai su hangame baki suna haki sun saki fukafukai, kuma kuɗin hannunki ba su isa abu biyu, ko dai ki sai fanka mai caji ko ki sa a yi miki rumfar zana ki rataya buhu mai ruwa. To ni dai in shawarata za ki bi ki fara da rumfa, fanka ta biyo baya in Allah ya hore, amma bari in jera miki su biyun ki gani da kanki, don kowanne da lokacin da yake aiki da lokacin da bai yi.

Kaza ba ta gumi, ita hanyar da take fidda zafi daga jiki shi ne wanga haki da kike gani, da ɗaga fukafukai don iska ta shiga ƙarƙashi, sai kuma ta ƙafafu da tukku. Zafin jikinta kansa wajen digiri 41 ne, mu kuwa nan watan Afrilu zafin gari na haura 40, ballantana ƙarƙashin kwano da ya sha rana tun safe. Ki gwada kai hannunki kusa da kwanon daga ciki bayan azahar, ba sai kin taɓa ba za ki ji yana huci bisa bayan hannunki, to wannan hucin shi ke sauka kansu wuni guda.

Fanka ba ta sanyaya iska Hajiya, kaɗa ta kawai take yi. In iskar cikin kejin ta kai zafin jikin kazar ko ta wuce, to zafin ne fankar za ta riƙa hura musu, kuma mu mutane abin da ya sa muke jin daɗinta gumi ne ke bushewa a jikinmu, su kuwa ba su da shi. Ga kuma caji, mai caji in kin kunna ta da hantsi sau da yawa cajinta na ƙarewa daidai lokacin da aka fi bukatarta, tsakanin azahar da la'asar, in kuma an ɗauke wuta kwana biyu sai dai ki kai shagon caji, sai fa in mai sola ce ita kam tana jan rana. Sannan fanka guda ba ta game keji, waɗanda ke gabanta su ke samu, sauran su yi ta turereniya suna hawa kan juna, cunkoson nan kuwa shi kansa kisa yake yi. In shimfiɗarki buntun shinkafa ce mai laushi tana tada ƙura ta shiga hancinsu su fara atishawa. Amfaninta dai ba a musu, tana fidda tururin numfashinsu da warin kashi, da dare in iska ta tsaya cak tana taimakawa sosai, kuma ba ta jiƙa miki wuri.

Rumfa ita daga tushe take tare matsalar, rana ba ta samun kwanon balle ya gasu. Ki sa a ɗora zana ko karan dawa bisa rufin amma kar a manna, a bar tazara kamar kamu ɗaya tsakani iska na ratsawa, kuma ta zarce gefen yamma sosai don ranar la'asar ita ta fi shiga keji ta gefe. In akwai itacen dogon yaro cikin gida kuma kejin na ɗauko ne, ki ja shi ƙarƙashi kin huta da rabin aikin. Wasu har farar ƙasa suke shafa wa kwanon ta sama, yana ragewa.

Buhun kuwa na algarara nike nufi, ba na leda ba irin na taki, na leda bai shan ruwa toshe iska kawai zai yi. Aikinsa irin na randa ne, ruwa na bushewa daga jikinsa yana tafiya da zafi, iskar da ta ratso shi sai ta shiga da sanyi. Ki rataya shi gefen da iska ke shigowa kaɗai, ɗan nesa da wayar kejin, sauran gefuna a buɗe, don na ga masu lulluɓe keji duka gefe huɗu da jiƙaƙƙen buhu, wallahi wannan turara su ake yi. Wahalarsa ita ce bin sa da ruwa, cikin zafin nan bai daɗewa ya bushe ƙarau, dole a samu yaro ko ke kanki kina zagayawa da buta, in kuma ruwan saye kike wajen 'yan garuwa to ki sa shi cikin lissafi. Abin da na fi jiye miki shi ne ɗiga, in ruwa ya jiƙa buntu ga zafi, nan ciwon zawo mai jini ke samun wuri, kuma 'yan sati uku zuwa shida su ya fi kamawa. Duk inda ya jiƙe ki kwashe ki zuba busasshe ranar. Zana kuma tana tara ɓera da gara, kuma kar ta yi kusa da murhu.

Yanzu ga inda abin ke juyawa, shi ne mutane da yawa ba su lura da shi ba. Maris da Afrilu iskarmu busassa ce, buhu na aiki ƙwarai. Amma da an shiga Mayu zuwa Yuni hadari ya fara haɗuwa, wanga zafi mai danƙo da ake yi kafin ruwa ya sauka, iskar ta riga ta ƙoshi da laima, buhun sai ya wuni bai bushe ba, to ba ya sanyaya komai kenan, ƙara musu nauyin numfashi ma yake don shi hakin nasu ma sai iska na da bushewa yake fidda zafi. Lokacin nan ki cire buhu, fanka ce ke da rana. Mutanen Yauri da na bakin fadama wajen Argungu laima ta fi yawa wajensu, su kam su fi lura da wannan. Rumfa ita ba ruwanta da wata, duk lokacin biyu tana aiki, shi ya sa na ce da ita za ki fara. In kin sai fankar daga baya ki ɗaga ta sama ta riƙa juyawa, iskar ta bi ta saman kansu, kar ki saita ta a kansu kai tsaye.

Shekaru ma, ko in ce kwanaki, na da magana. Ɗan tsaki satin farko ɗumi yake so, wajen digiri 32 zuwa 35, ana rage kamar 3 duk sati har gashi ya rufe shi, saboda haka 'yan kwana biyar ba a sa musu fanka ba a jiƙa musu komai, kashe gawayi ko fitila kawai za a yi da rana. Naki sun wuce nan, sun shiga lokacin da zafin ke cutar da su. Sa'ar da kinka yi Noiler ne, sun fi buroila juriya nesa ba kusa ba, buroila mai sati biyar da kitse ya fara hawa shi ke faɗuwa farat ɗaya.

Ko wanne kinka zaɓa in ruwan sha bai gyaru ba aikin banza ne. Cikin zafi shan ruwansu na iya ninkawa, kuma in ruwan ya yi zafi cikin roba ƙin sha suke yi. Ki riƙa ɗibo musu daga randa kina canzawa da hantsi da azahar da la'asar, ki ƙara yawan mazubi ki warwatsa su cikin inuwa don kar mai rauni ya rasa wuri, in faranti ne mai zurfi ki zuba tsakuwa kar su faɗa. In kin samu ƙanƙara ki jefa ciki ba laifi. Bitamin na rage gajiyar zafi mai bitamin C ana samu shagon maganin dabbobi, ki bi awon da ke jikin ledar. Abinci kuma narkewarsa na ƙara zafin jiki, ki ba su tun da asuba su ƙoshi, wajen ƙarfe 10 ki ɗauke, sai bayan la'asar rana ta yi sanyi ki mayar, ki kunna musu 'yar fitilar sola da dare su rama abin da ba su ci ba. Rigakafin Lasota ko Gumboro in ya zo kan gaɓa da sassafe ake ba da shi, zafi na kashe shi.

In kin ga wani ya kwanta yana haki bai iya tashi, ki fidda shi daga cikin 'yan'uwa ki kai shi inuwa mai iska, ki tsoma ƙafafunsa cikin ruwan randa ki ɗan shafa ƙarƙashin fukafukai, kar ki tsunduma shi duka kuma kar ki ɗura masa ruwa da ƙarfi ya shaƙe, ki taɓa bakinsa da ruwan ya sha da kansa. Amma in har da asuba gari da sanyi suna haki, ko kina jin kurarin maƙogwaro, ko kashi ya koma kore, ko wuya na karkacewa, wannan ya wuce zafi, ki ware su maza ki nemi malamin dabbobi ranar nan.