Oyil kula na motar gudu: wanne zaka saya, kuma ya ake ɗaura shi ba tare da an kashe inji ba

Duk wanda ya taɓa shiga filin tsere da motarsa, ko ya kama doguwar hanya mai hawa yana taka totur ba sassauci, ya san allurar zafin ruwa tana iya zama lafiya lau a tsakiya alhali baƙin mai a cikin inji ya yi zafin da ya tsinke ya zama kamar ruwa. Zafin ruwa daban zafin mai daban, kuma motoci da yawa basa ma nuna maka na mai a dashbod. Shi yasa ni abu na farko da nake cewa mutum ya saya ba kula bane (wato oyil kula, abin sanyaya baƙin man inji), gejin zafin mai ne, ko ƙaramin abin nan da ake soka wa a OBD, wato soket ɗin da ake haɗa na'urar binciken mota, ya turo maka bayanin inji a waya in motarka tana da sensan. Ka yi tuƙinka yadda ka saba na sati ɗaya ko biyu, ka matsa mata a inda kake matsa mata, sannan ka duba lambar da ta nuna. In tana yawo tsakanin digiri 90 zuwa 110 to ɗan'uwa ajiye kuɗinka, man yana inda ake so. In kuma kana ganin 125, 130 yana ci gaba da hawa baya tsayawa sai ka ɗaga ƙafa, to yanzu maganar kula ta taso. Man sintetik mai kyau yana jure zafi fiye da man gargajiya, amma shi ma yana tsinkewa in zafi ya yi yawa, firesha ya sauka, kuma metal ɗin inji, wato ƙarafan da karanshaf ke juyawa a kansu, sune farkon masu shan wahala.

Akwai motocin da aka san su da wannan hali. Nissan 370Z na farko-farko da ya fito 2009, in mai ya kai wajen digiri 138 kwamfutar motar da kanta take rage ƙarfin inji, kana cikin gudu sai kaji mota ta rasa ƙarfi, daga baya kamfanin ya sa mata kula daga masana'anta. Toyota 86 da Subaru BRZ na 2012 sun zo ba kula, waɗanda suka gaje su masu inji lita 2.4 kuma sun zo da shi. Ita kuwa Mazda RX-7 da RX-8 dama da kula aka haife su, don injin rotari da mai yake sanyaya cikinsa. Saboda haka ka fara leƙa motarka, watakila akwai wani ƙarami a maƙale a gindin filta baka sani ba.

Toh zaɓin farko shine na iska ko na ruwa. Na iska shine wanda kowa ya sani, ɗan ƙaramin lagireto da ake ɗaurawa a gaba bayan bamba, mai ya bi ta ciki iska ta buga shi. Na ruwa kuma wani ɗan ƙarfe ne da mai da ruwan lagireto suke wucewa kusa da juna ba tare da sun haɗu ba, irin na kamfanin Laminova ko wanda Subaru take sawa a WRX. Abin da nake so game da na ruwa, da safe shi yake ɗumama man da wuri don ruwa ya fi saurin yin zafi, baya cin waje, ba dogon tiyon mai da zai fashe, dutse baya samunsa. Matsalarsa bazai taɓa sauke man ƙasa da zafin ruwan ba, kuma duk zafin da ya cire a kan lagireto yake jibge shi, in lagireton dama yana numfashi da ƙyar to ka ƙara masa kaya ne kawai, ranar da ya fashe ta ciki kuma mai da ruwa su gauraye. Wanda motarsa ta zirga-zirgar yau da kullum ce, sai jefi-jefi yake sake ta, na ruwa ya ishe shi. Mai zagaye filin tsere minti 20 a jere, musamman in da tobo, na iska ne nasa.

A cikin na iskar ma ba ɗaya bane. Akwai mai bututu ɗaya da ya yi ta lanƙwasa kamar maciji da siraran fukafukai a jiki, shine mafi araha kuma gaskiya shine mafi rashin aiki, man da ke tsakiyar bututun wucewa kawai yake bai taɓa bango ba balle ya huce. Sai mai faranti-faranti da aka jera aka narke su tare, a cikin kowane layi akwai ƴan ƙarafa masu dama man ya riƙa gogar bango, irin wanda Setrab na Suwidin da Mocal na Ingila suka yi suna da shi, Earl's na Amurka ma suna yi. Wannan a girma ɗaya ya fi sanyayawa nesa ba kusa ba, kuma ni shi nake cewa a saya. Akwai na uku mai kaurin jiki kamar intakula (abin sanyaya iskar tobo), yana jure dukan dutse amma da nauyi kuma yana tare iska. Su Mishimoto, HKS da GReddy suna sayar da cikakken saiti na takamaiman mota da birakit da tiyo an yanka daidai, ya fi tsada amma ya raba ka da aune-aune, in akwai na motarka kuma baka son wahala shi zaka ɗauka. Saitin nan marasa suna masu kala-kala da suka cika intanet, shi kular ma wani lokaci ba laifi, inda ake cin amanarka a tiyo ne da kawunansa.

Girma da layi ake ƙirga shi, zakaji ana cewa mai layi 10, 13, 16, 19, 25, faɗin da aka fi samu kuma milimita 235 ne a wajen da iska ke bi. Mutane suna son su ɗauki mafi girma don wai gara ya yi yawa, amma babban kula yana tare wa lagireto da kondensan esi iska, sai ka gyara zafin mai ka jawo obahitin. A ganina ƙaramin inji mai silinda huɗu ba tobo layi 13 zuwa 16 ya wadatar, mai tobo ko silinda shida 19, shi 25 sai manyan injuna ko motar da tsere kawai take yi. Kuma ƙaramin kula da aka yi masa hanyar iska mai kyau, aka toshe gefe-gefensa yadda iska bata da wajen gudu sai ta cikinsa, zai doke babba da aka rataye a buɗe, don iska ma ragguwa ce, hanya mai sauƙi take bi.

Yanzu abin da na fi so ka riƙe, tamostat, wato ɗan bawul mai buɗewa da rufewa gwargwadon zafi. Ta yaya man zai fita daga inji ya je kula? Yawanci da wani faranti ne da ake sawa tsakanin filta da jikin inji, makanikai suna ce masa sanwic filet, yana da kofa biyu fita da dawowa. Akwai mai tamostat akwai mara shi, kuma mara shi ya fi araha shi yasa mutane ke faɗawa. Kar ka saya in motar tana hawa titi. Mai ba sanyi ake so ya yi ba, daidai ake so, don duk lokacin da inji ya tashi akwai ɗan tururin ruwa da ɗan fetur da ke sauka cikin man, zafi ne yake kore su, in man baya kaiwa wajen digiri 90 zuwa 100 suna nan zaune suna tara dauɗa. Ga shi mai sanyi yana da kauri, in aka tura shi ta siraran hanyoyin kula da safe firesha zai yi tsalle, nan ne tiyo mara kyau yake ballewa. Mai tamostat kuwa yana barin man ya zagaye ta gajeriyar hanya har sai ya kai kamar digiri 80 ko 85, akwai masu buɗewa wajen 92 ma, sannan ya tura shi duka kula. Ni na fi son mai buɗewa a makare ga motar titi. Kafin ka yi oda ka tabbatar da zaren filtarka, wasu M20x1.5 ne kamar Subaru da yawancin Mazda MX-5, wasu 3/4-16 kamar tsoffin Toyota da yawa, kuma su biyun sun yi kusa da juna ta yadda ɗaya zai iya hawa ɗaya ya yi kamar ya kama alhali bai kama ba, wannan haɗari ne babba. Ka kuma duba ko akwai waje, farantin zai tura filta waje da ƴan santimita. Motocin da filtarsu ta takarda ce a cikin gida, kamar BMW da yawa, su adafta daban ake yi musu.

Tiyo da kawuna. Zakaga an rubuta AN8 ko AN10, wato girman tiyo da kansa, sunan daga sojan ƙasa da na ruwan Amurka ya samo asali, lambar kuma kashi-kashi ne na inci bisa 16, wato AN8 rabin inci, AN10 kuma 5/8. Ga baƙin mai AN10 shine abin da aka fi amfani da shi, AN8 sai ƙaramin inji da gajeren tiyo, ƙasa da haka shaƙe inji ne. Tiyo mai saƙar ƙarfe a waje yana da kyau a ido kuma yana jure zafi, amma wlh zarto ne, duk abin da ya jingina da shi zai cinye shi a hankali, waya ko tiyon ruwa ko alminiyum. Mai saƙar nailan baƙi ya fi sauƙi da lanƙwasuwa, sai dai kar ya matsa kusa da salansa ko tobo sai an sa masa rigar zafi. A kawuna ka nemi masu lanƙwasa a hankali kamar bututu, waɗanda aka huda suka yi kwana a tsaye suna cinye firesha. Bakin AN da kansa yake rufewa, ƙarfe kan ƙarfe a kusurwar digiri 37, don haka ba a naɗa masa farin tef ɗin nan na masu gyaran famfo, tef ɗin ma in ya gutsure cikin inji zai tafi.

Kula na hannu kuwa, in baka san injin da aka ciro shi ba ka barshi. In injin ya buga ne to garin ƙarfe yana maƙale a layukan, wanki baya fitar da shi duka, sai man ka mai zafi ya zo ya kwaso shi ya kai wa metal ɗinka.

Wajen ɗaurawa, bakunan su kalli sama, ko in a kwance gefe ne mai ya shiga ta ƙasa ya fita ta sama, don iska ta samu hanyar fita, in suka kalli ƙasa iska tana iya maƙalewa a layukan sama rabin kular ya zama ado. Ka kama shi ta sama da ƙasa duka da roba a tsakani, alminiyum ne siriri, girgiza da murɗawar bodi suna tsaga shi, kuma kar ka yi amfani da ƴan robobin nan da ake sokawa ta cikin lagireto. Kar ya zama shine mafi ƙasa a gaban motar, ka sa masa raga mai manyan idanu saboda tsakuwa. Wasu motocin suna da rami a gefen bamba gaban taya, wajen yana da kyau don bai tare lagireto ba, amma sai ka buɗe wa iska mafita ta baya, in ba mafita iska bata shiga. Tiyo ya zama gajere gwargwadon iko amma da ɗan sassauci don inji yana motsi a kan kujerunsa shi kuma kula yana tsaye, a ɗaure shi da kilif mai roba nesa da bel da fanka da sitiyari. In zaka ɗaure kan tiyo a jikin kula sifana biyu ake sawa, ɗaya ta riƙe ɗaya ta juya, da ɗan mai a zaren, in ka murɗa da ɗaya zaka iya tsage wuyan kular tun bai ga titi ba. Duk tiyon da ka yanka da kanka ka wanke cikinsa ka hura iska kafin ka haɗa.

Kar ka tada inji kula yana fanko. Ka cika shi da mai da tiyon iya yadda zaka iya, ka cire fiyus ɗin famfon fetur, ka riƙa murza ki na ƴan daƙiƙu kana hutawa har fitilar mai ta mutu, sannan ka mayar da fiyus ka tada. Ka barta a silo kana leƙa kowace mahaɗa da tocila, amma fa yoyon gaske sai tamostat ya buɗe yake nuna kansa, don haka sai ta yi zafi sosai ka taɓa tiyo biyun a hankali kaji duka sun ɗau zafi sannan ka sake dubawa. Kashe ta, ka jira, ka auna mai, yawanci zata nemi ƙarin rabin lita zuwa lita ɗaya. Ka kuma sa ido kan firesha, ɗan sauka kaɗan ba komai, in ya faɗi sosai akwai inda ya shaƙe. Bayan kwana biyu-uku na tuƙi ka sake bin kawunan da sifana da kuma dogon notin da ya riƙe farantin, don wani lokaci yana kwancewa tare da filta ranar juye, kuma in motar sabuwa ce tana ƙarƙashin garanti ka tambayi dila tukunna kafin ka kwance komai.