FlightGear: manhajar farawa ga ƙungiyar ɗalibai masu son tuƙin jirgi

Ɗaliban da ke kafa ƙungiyar masu sha'awar tuƙin jirgin sama a jami'a sukan rasa kuɗin hawa jirgi na gaske, shi ya sa nake ganin ya dace su fara da FlightGear, manhajar kwamfuta mai kwaikwayon tuƙin jirgin sama. Kyauta ake sauke ta, tana kuma aiki a Windows da macOS da Linux. Abin da ya fi burge ni shi ne jirgin Cessna 172 da ke cikinta, irin wanda makarantun koyon tuƙi suke amfani da shi, domin ɗalibi zai saba da karanta ma'aunin tsayi da na gudu tun yana ƙasa. Hotunanta dai ba su kai na Microsoft Flight Simulator, wata manhaja irinta, kyau ba, kuma saukar da jirgi ƙasa yana da wuya idan ba a haɗa sandar sarrafa jirgi da kwamfuta ba.